Kwana bakwai ne a mako, ko ga Alhaji

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ta, a Maraɗi

Shugaba, iyayen ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu da suka taso daga Katsina da Jibiya, sannunku da zuwa. Ni ba ɗan kasuwa ba ne kamar ku, littafi nake riƙe muku. Abin da na gani a littafin shi zan faɗa, wanda na taka ya gafarce ni.

Shafin da ya fi saurin cika a wurina shi ne na masu uzuri. Duk ranar taro wayata ba ta hutawa: "Malam, rubuta ni, ina kan hanya." Wata rana na zaunar da ɗaya daga cikin masu wannan kira, muka rubuta makonsa a takarda. Ya yarda in karanta muku, ban da sunansa. Lahadi yana kasuwar Jibiya. Litinin yana nan kasuwar Maraɗi. Talata ya kama hanyar Kano, ya sauke wake a Dawanau, ya shiga Kantin Kwari ya ɗauko atamfa. Laraba ta ƙare a Kano wajen bin bashi. Alhamis yana Maigatari, don wani ya ce masa awaki na kawo kuɗi. Juma'a ya dawo gida a gajiye. Asabar kuwa ɗaurin aure, da suna, da zubin adashe biyu, da taron kwamitin masallaci.

Na ce, "Alhaji, cikin duk wannan wanne ke ciyar da gidanka?" Bai ko yi tunani ba ya ce wake. To waken ne ƙwari suka cinye masa a sito bara. Ya saya da kaka yana jiran farashi ya tashi, ya ma sayi buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, amma bai sami yini ɗaya da zai tsaya a juye a ɗaure a gabansa ba. Ranar da aka buɗe sito, rabin kayan ya zama gari. Ribar awaki da ta atamfa a haɗe ba su biya wannan asarar ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, shi kuwa huɗu ya cusa a baki.

Kun fi ni sanin abin da kowace tsallaka iyaka ke ci: kuɗin mota, ƴan dako, duwan a nan, kwastan a can, shingayen da ke tsakani, ga canji da ke gutsurar mutum sau biyu, daga sefa zuwa naira da dawowa. Duk wannan kuna lissafa shi. Kwanan da ya tafi ne ban taɓa ganin wanda ya rubuta ba.

Sau biyu aka rufe mana hanyar nan a ƴan shekarun baya: daga Agustan 2019 har bayan fiye da shekara, sannan bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024. Ba yabon rufewar nake yi ba, Allah ya kiyaye mu da maimaici. Akwai waɗanda jarinsu ya karye har yau ba su miƙe ba. Amma na lura waɗanda suka fi saurin tashi su ne masu kaya iri ɗaya da suka sani ciki da waje, da amini ɗaya a can ƙetare wanda za su buga wa waya ya sayar ya aiko. Da aka buɗe hanya, da yawanmu muka koma yawon da muka riga muka gane ba dole ba ne.

Kada ku ce yaro yana yi wa manya wa'azi, ni ma na ci tawa. An wayi gari ni ne magatakarda a wuri huɗu, don kunyar cewa a'a. Da ɗan'uwanmu ya rasu, takardar tallafin iyalinsa ta yi mako uku a jakata ban kai wa ma'aji ba. Sai da baiwar Allahn ta aiko a tambaya, an koro yaranta daga lakwal saboda kuɗi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A makon na ajiye biyu daga cikin muƙaman, kuma babu wanda ya yi fushi ya wuce kwana uku.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowa ya sami takarda ya rubuta makonsa kamar yadda muka yi. A gaban kowane abu ya rubuta me yake kawowa, da kuma ko akwai wanda zai iya yi a madadinsa. Yaron shagon da ya shekara biyar tare da kai, in har yanzu ba ka iya aikensa Jibiya shi kaɗai, ko dai ba ka koya masa ba, ko bai kamata ya kai shekara biyar ba. Sannan a ware yini guda na sito da lissafi da iyali, a kashe maganar tafiya a ranar.

Na san za a ce zumunci a ƙafa yake. Gaskiya ne. Jana'iza da gaisuwar rasuwa da duba mara lafiya ban ce a taɓa su ba. Amma biki na kwana uku, hajiyoyi ku yi mini haƙuri, ana iya zuwa yini ɗaya a kai gudummawa a dawo.

Ita ma ƙungiya tana da nata laifi. Muna kiran ku sau huɗu a wata, a ce ƙarfe huɗu a fara ƙarfe biyar da rabi. Na kai wa shugabanni shawara, sun amince a kawo ta gabanku: a haɗe tarukan su zama ɗaya, Asabar ta farkon wata, daga bayan la'asar a tashi kafin magariba, sanarwa kuwa a riƙa turawa ta WhatsApp. Bayan an ci abinci za a ɗaga hannu a kai. Don Allah kada kowa ya kama hanya kafin nan.