Jawabi Kan Ceto Tsofaffin Kaset-kaset Ɗinmu na Bidiyo



Da yawanmu muna da kaset a akwati, ɗauke da fuskoki da muryoyin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Zafi da laima da ƙura suna cin kaset, don haka mu juye shi a kwamfuta tun da sauran dama.

Da farko, a san irin kaset ɗin. MiniDV, wanda ya fito a 1995, da wayar FireWire ake juye shi, wadda Sony ke kira i.LINK. A yawancin kyamarorin nan ramin USB na hotuna ne kawai, shi ya sa kwamfuta ke yin shiru. VHS da Hi8 kuwa, sai an sa na'urar juyawa a tsakani. In a nan Nijeriya aka ɗauka, a saita ta kan PAL, domin a kan NTSC launi ɓacewa yake yi.

Na biyu, a kashe kyamara kafin a jona waya, don kada ramin ya ƙone, sannan a kunna ta a kan PLAY ko VCR.

Na uku, a tanadi wuri. Awa ɗaya ta MiniDV tana cin kusan gigabayit 13, juyawar ma awa guda take ɗauka. In hoto yana tsattsagewa, galibi kan kyamarar ne ya yi dauɗa; a sa kaset ɗin goge kai na daƙiƙa 10. Kaset mai fumfuna kada a sa shi sam.

Daga ƙarshe, a yi kwafi biyu, a kawo wa ƙungiya ɗaya.