Jawabin Bikin Yaye Ɗaliban Kanikancin Manyan Motoci

 

Sana'ar da matasan da ake yayewa suka koya tana da nauyi, domin yawancin kayan da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Kano, da shanu da hatsi da albasa da ake kaiwa Kudu, a bayan tirela suke tafiya, wato motar da ta ƙunshi kai mai ɗauke da inji da bodi mai ɗaukar kaya, waɗanda faranti da ƙusa guda suke haɗawa. Irin wannan mota ba kasafai take lalacewa farat ɗaya ba, sai ta jima tana nuna alama, kuma gwanin makanike shi ne wanda ya gano alamar tun motar tana gareji.

Birki ne abu na farko, kuma birkin tirela da iska yake aiki, dabarar da George Westinghouse ya yi wa rajista a Amurka a 1869 domin jiragen ƙasa. Kwamfuresa, wato na'urar da ke matsa iska, ita ce take cika tankunan iska har awo 100 zuwa 125 a ma'aunin PSI, idan kuwa iskar ta sauka zuwa wajen 60 sai fitilar gargaɗi ta kama. Da yake iskar da aka matsa tana tara ruwa, wajibi ne a riƙa zubar da ruwan tankunan kullum, in ba haka ba sai ya jawo tsatsa ya lalata bawuloli. Akwai kuma mutuwar birki a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a Jihar Filato, inda direban da ya dogara da birki kaɗai yakan sa gangar birkin ta ɗau zafi har ta daina kamawa, alhali da ya sauko da ƙaramar giya da injin ya taya shi riƙe motar.

Shi kuwa injin dizal, ƙura da ruwa da zafi ne manyan abokan gabarsa. A lokacin hunturu matatar iska takan toshe da wuri, sai mota ta rasa ƙarfi tana fitar da baƙin hayaƙi, idan kuma matatar ta yage ƙura ta samu shiga, sai ta cinye zoben fistin. Man da ya gauraya da ruwa yana kashe nozul, wato bakin da ke fesa mai a cikin inji, shi ya sa ake tsiyaye ruwan da matatar mai ta tara. Ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto yana barin ƙanzo a cikin bututunsa, daga nan sai zafi, daga zafi sai gasket ya ƙone. Jinkirin juye kuwa, wato sauya baƙin mai da matatarsa a kan kari, shi ne gajeriyar hanyar da inji ke bi ya buga.

Taya ma haka take, domin ƙarancin iska da lodin da ya wuce kima su ne suke sa ta ɗau zafi ta fashe, don haka da geji ake auna iskarta tun tana sanyi, ba da bugun ƙarfe ba. Faranti kuma yana buƙatar giris da tabbatar da cewa ya kulle ƙusar kafin a tashi.

Duk waɗannan an koya wa ɗaliban, kuma takardar shaidar da za su karɓa ta tabbatar da haka. Abin da takarda ba ta bayarwa shi ne ƙarfin halin da makanike zai dubi mai mota, ga kaya an ɗora ga direba yana gaggawa, ya ce motar ba za ta tashi ba sai an gyara birki. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma asarar kwana guda a gareji ba ta kai asarar rai guda a hanya ba. Ana roƙon masu motoci su saurari irin wannan makanike, su biya shi ladan dubawa kamar yadda suke biyan ladan gyara, su kuma daina saya masa jabun kaya.

Allah Ya sa albarka a wannan sana'a, Ya saka wa malamai da iyaye da alheri, Ya kiyaye matafiya a duk inda suke. Amin.