Korona da Zaman Jami'a: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in ce wani abu game da annobar korona da karatun jami'a. To, ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, saboda haka abin da na gani a gidanmu shi zan faɗa.

Za ku tuna cikin watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu, kuma a watan ne malaman jami'a suka shiga yajin aikin da ba a janye ba sai 23 ga Disamba. Ƙanena, wanda ke aji biyu a Jami'ar Bayero, ya tattaro komatsansa ya dawo mana Doguwa. Ban ɓoye muku ba, da farko ina cikin masu cewa cutar ta masu hawa jirgi ce. Sai ga Afrilu. Ranar 11 ga wata aka sami mutum na farko a Kano, aka kulle gari, sannan manya suka riƙa faɗuwa. Daga baya Ministan Lafiya ya ce an ƙirga mamata 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu. Akasarinsu dattawa ne.

Nan jikina ya yi sanyi, domin mahaifinmu yana da ciwon suga. Duk wanda ya kwana a ɗakin ɗalibai ya san yadda ake: mutum takwas, buta ɗaya, kwano ɗaya. Matashi zai ɗauka ya warke, watakila ma bai sani ba, amma ran hutu wa zai kai wa tsarabar? Saboda haka ni a ganina rufewar farko daidai ce.

Sai dai an yi hasara, kuma ba ta lacca nake nufi ba. Ɗan ƙauye irina, a jami'a ya fara haɗa ɗaki da Bayarabe da Tibi, a can ya koyi yin gardama ba tare da an ɓata ba, a can ya koyi tsayuwa gaban jama'a kamar yadda na tsaya yau. Ko aikin nan da nake yi, abokin ɗakina ne ya nuna mini tallarsa. Ƙanena kuwa wata goma ya yi tsakanin gida da gonar masara. Wai a yi karatu ta intanet, a garin da sai ka hau tudu kafin waya ta kama! Wani abokinsa ɗan Kiru ya kama kasuwanci a Kwanar Ɗangora, har yau bai koma ba. Wata 'yar Bebeji aka yi mata aure, magana ta mutu.

Da aka buɗe ranar 18 ga Janairu, 2021, mahaifiyarmu ta ce a dakata tukuna. Na ce, "Inna, a bar shi ya tafi." Sharaɗin da muka gindaya shi ne ya riƙa sa takunkumi, in kuma ya zo hutu ya yi mako guda a shagon ƙofar gida kafin ya shiga wurin Baba. Baba bai so ba. Cewa ya yi, "Yanzu ni ɗana zai gaisar daga zaure?" Amma haka aka yi.

Roƙona ga Shugaba shi ne a kafa ɗan kwamiti, mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, su binciko mana ƙannenmu da suka bar jami'a a wannan shekarar, a ga waɗanda za a iya mayarwa. Na Doguwa, a rubuta sunana.