Jawabi a kan Cefanen Gida

Zancenmu na yau a kan cefane ne, wato yadda mutum zai ci da iyalinsa ba tare da kuɗinsa sun zube a hanya ba. Ba rowa na zo in koya muku ba. Marowaci iyalinsa da yunwa su kan kwana. Mai tattali kuwa gidansa ana ci a ƙoshi, ga kuma ɗan saura a aljihu.

Mu fara da hatsi, domin shi ne uban cefane. Kowa a cikinku ya sani da kaka gero da dawa su kan yi araha, da tsakiyar damina kuwa sai su yi tsada. To, ga abin da ke cutarmu. Mutum ya girbe gonarsa, sai biki ya taso, sai ya kwashe rumbu ya kai kasuwa. 'Yan kasuwa su saye su tara, wani ma har ya kai Dawanau ta Kano. Watan Yuli na kamawa, sai ga mutumin nan ya ɗauko ƙwarya yana awo a hannun wanda ya sayar wa.

Ku ɗauko fensir mu yi lissafi. Misali ne kurum, kowa ya sa kuɗin kasuwar garinsu. A ce buhu yana cin kwano 40. Da kaka ka sayar da kwano naira 1,000, ka karɓi naira 40,000. Da damina ka saya a naira 1,500, ka biya naira 60,000. Nawa ka yi hasara? Naira 20,000 ke nan a buhu ɗaya, kuma geron da ka noma da hannunka ne. Saboda haka kafin ka sayar da ko dami ɗaya, ka zauna da uwargida ku ƙidaya kwano nawa gidanku ke ci a mako, ku ware na shekara. Abin da ya ragu shi ne na kasuwa.

Wani zai ce, "Malam, in na ajiye wake ai ƙwari za su cinye." Gaskiya ne, amma akwai dabara. Tun 2007 aka fara yaɗa wani buhu da a ke kira PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. A shanya waken ya bushe ƙwarai, a zuba, a ɗaure kowace leda daban. Iska ba ta shiga, sai ƙwarin su mutu. Kada ku zuba maganin feshin gona a cikin abincin da 'ya'yanku za su ci. Guba ce.

Kayan miya ma da lokacinsu. Sa'ad da masu noman rani su ka fara kawo tumatir da tattasai, kwando ya kan yi araha. A saya, a yanyanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba. Haka kuɓewa da kuka. Bayan ɗaki kuma a shuka zogale da yakuwa, ruwan wanke-wanke ma ya ishe su.

Sa'an nan sayen ƙulli-ƙulli. Yau man gyaɗa na ɗari, gobe na ɗari, ba ka jin zafinsa. Amma ka tara ƙullin nan ka zuba a kwalba, ka ga nawa ka biya kafin ta cika. Mai tebur ba ɓarawo ba ne, ribarsa ya ke ci a kowane ƙulli. In ba ka da kuɗin galan, ku haɗu ku huɗu ku saya ku raba, kamar yadda ku ke yin watanda da salla. Sukari kuwa a saye shi tun azumi bai matso ba.

In ka shiga kasuwa, kada ka saya a rumfar farko. Ka zaga, ka ji kuɗi a wuri uku, sa'an nan ka taya. Ka dubi gindin mudu, ko an lotsa shi. Ka tsoma hannu cikin hatsi har ƙasa, domin mai algus a sama ya ke sa mai kyau. Neman gyara kuma ba abin kunya ba ne.

Bashin kanti shi na fi ji muku tsoro. Mai karɓar bashi ba ya tayi, abin da aka faɗa masa shi zai biya. In ya zama dole, to, yanzu kun iya rubutu: shi ya rubuta a littafinsa, kai ma ka rubuta a naka, da ranar da yawan kuɗin.

Ga aikinku. Kowa ya ja layi biyu a shafin ƙarshe na littafinsa, ya raba shi gida uku: rana, abin da aka saya, kuɗi. Ku rubuta kome, har gishiri da ashana, kwana bakwai. Ranar Talata ku zo da shi mu haɗa jimla tare. Wanda bai kai ga rubuta dubu ba, ya tsaya bayan an tashi in nuna masa.