Rabin Daƙiƙar da Ta Tona Asiri



Yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet da Linux suke aiki, buɗaɗɗiyar manhajar da kowa ke iya duba cikinta ya gyara, ba ko sisi. Tare da ita akwai wata 'yar manhaja, XZ Utils, mai matse fayiloli. Shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, ke ɗawainiya da ita a matsayin aikin sa kai.

Da gajiya ta cim masa, sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya kawo ɗauki. Ya shafe kusan shekara biyu yana kwantar da kai har aka ba shi amana, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a cikin manhajar. A watan Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira SSH na jinkirin rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa! Ya bi diddigi, asiri ya tonu tun abin bai bazu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bankuna da kamfanonin sadarwa na cin moriyar irin waɗannan manhajoji, sun bar masu kula da su da aiki ba lada. Ya kamata su ware kuɗi su biya su.