A Dawo da Majigi Tiga, Amma da Finafinan Shaguɓe

Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa.

Dattawan da ke zaune a nan gaba sun san majigi. Mota kan shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci ko a filin makaranta, bayan isha'i a tada inji, mai bayani ya riƙe lasifika yana faɗa wa jama'a abin da ke gudana. Turawa suka fara, Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗora, har aka yi finafinai irin su Baban Larai don koyar da noman zamani. A duk wannan, hukuma ce ke magana, talaka yana saurare. Roƙona a yau shi ne a sake kafa wannan ƙyallen, a haska masa finafinan da suka yi wa masu mulki da masu kuɗi shaguɓe, waɗanda yawancinmu ko sunansu ba mu taɓa ji ba.

Zan fara da maƙwabcinmu, Mustafa Alhassan na Nijar, wanda ya daɗe zaune a Tawa ya rasu a 2015. A 1966 ya yi wani gajeren fim na zane, Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, aka yi masa fareti da bushe-bushe, kwaɗi na sara wa kwaɗi. Shekara shida kacal da samun 'yanci, mutumin nan ya riga ya hango yadda sababbin shugabanni za su ɗauki kwalliyar mulki su bar aikinsa. A shekarar dai ya yi wani kan saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Duk uban da ya ga ɗansa ya kwaso ɗabi'a daga waya zai gane yaran nan. Sai kuma na 1972, F.V.V.A., wato mata, mota, gida da kuɗi: ƙaramin ma'aikaci ne da hidimar aure da son a san shi suka kai ga taɓa kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a hannun hukuma. Abin yana min ciwo a ce ana nuna waɗannan finafinai a Faransa da Amurka, mu da muke raba iyaka da harshe da Tawa ba mu san su ba.

A Senegal akwai Mandabi na Usman Sembene, na 1968, labarin dattijon da aka aiko wa kuɗi daga Faris, rashin katin shaida ya sa ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi har 'yan damfara suka cinye shi. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani a Bebeji ko Kiru.

Namu na gida fa? Usman Baba Pategi, Samanja, tsohon soja ne da ya sa jama'a dariya da halin bariki, a lokacin da soja ke riƙe da ƙasar. Ya rasu a 2023. Abokin sana'arsa Ƙasimu Yero ya riga shi a 2017. Yawancin aikinsu a kan kaset aka naɗe shi, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Amma abin da aka ɗauka ya ɓace yakan dawo. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, a 2016 aka gano shi cikin tsofaffin gwangwanaye a Legas, aka gyara shi, aka nuna a Balin a 2018. Idan an nemo wannan, ana iya nemo saura, in dai an aika wanda zai buɗe ɗakunan ajiyar gidajen talabijin na Kano, Kaduna da Jos.

Wani zai ce ai kowa na da waya. Gaskiya ne, amma wanda ya kalli shaguɓe shi kaɗai a ɗaki, dariya kawai ya yi. Idan kansila da manomi da malamin makaranta suka kalla a fili ɗaya, aka tuntsire a lokaci guda, to an faɗi maganar da ba mai iya faɗa da bakinsa, kuma ba wanda aka ci wa mutunci.

Tiga ta cancanci fara wannan. Madatsar da aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974, sa'ar finafinan nan ce, kuma a nan gwamnatin Kwankwaso ta kafa makarantar koyon aikin fim. Ɗalibanmu su fassara finafinan Nijar da Senegal zuwa Hausa, ɗaya ya riƙe lasifika kamar da. A nemi izinin masu haƙƙin mallaka da na hukumar tace finafinai, a ware wa mata nasu zaman, a bari sai an gama girbi. Daga Tiga motar majigi ta wuce Tudun Wada, ta kwana a Doguwa.