Sifika mai amfilifaya a ciki: a saya ko a haƙura?

Yau maganar sifika za mu yi, musamman ga wanda ya tara ɗan kuɗinsa yana so ya ji waƙa da daɗi a ɗakinsa.

Sifika iri biyu ce. Akwai wadda ba ta magana sai ka haɗa ta da amfilifaya daban, ita ce fasif. Akwai kuma wadda amfilifayarta na cikin akwatinta, ka sa a soket, ka jona waya ko kwamfuta, shi ke nan. Ita ake ce wa aktif.

To mene ne daɗinta? Na farko, kamfani ya riga ya yi maka lissafi. Ɗauki Yamaha HS5 misali. Kowace ɗaya amfilifaya biyu ce a cikinta, mai wat 45 tana tura babban baki mai fitar da bes, mai wat 25 tana tura ƙaramin baki mai fitar da siririyar murya. Kowane baki da abin da ya dace da shi, ba ruwanka da fargabar ko amfilifaya ta fi ƙarfin sifika ta fasa ta. Na biyu, ba ta cin wuri. Wasu ma da Bluetooth suke zuwa, amma ka duba kafin ka biya, don ita HS5 ɗin ba ta da shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Komai a akwati ɗaya yake. Ranar da amfilifayar ta ƙone, sifikar gaba ɗaya ta yi shiru, ko da bakunanta lafiya lau suke. Kuma kun san halin wutarmu, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, ga janareto yana hawa yana sauka. Mai fasif in hakan ta same shi, amfilifaya kawai zai canza, sifikarsa na nan, tana iya shekara 20 tana aiki. Kai kuwa sai an buɗe akwatin, wani lokacin mai gyara ya ce kayan sai an yi oda.

Ƙari a kan haka, ba ka da damar sauya amfilifaya in kunnenka ya waye. Irin su HS5 kuma kowace sifika soket ɗinta daban. Wasu, in ka matso kusa babu waƙa, za ka ji wani ɗan "sss" yana fita.

Shawarata ita ce, in ɗakinka ƙarami ne, kuma daga waya ko kwamfuta kake jin waƙa, sayi aktif. Amma tun a lissafin farko ka sa kuɗin sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta ka zare ta daga soket. Sannan kafin ka biya, tambayi mai gyaran unguwarku ko ya taɓa buɗe irinta. In ya girgiza kai, ka sake tunani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.